Ƙoda Biyu daga Hannun Nomau

Ranar da nas Hajo ta ja fatar idon Tabawa ƙasa,
ta leƙa, ta yi shiru,
na san shirun ba na banza ba ne.
Ciki fari fat, kamar tsakiyar rogo.
Ta ce, "Haihuwa ta kwashe mata jini.
Ga ƙwayoyi, a sha kullum,
amma ƙwaya ba ta sallami tukunya ba."
Ta ƙirga da yatsu: zogale, wake, hanta,
ta tsaya a kan na huɗu:
ƙodar ɗan rago.

Ni mai faci ne a bakin tashar Kaura Namoda.
Na san taya, na san inda iska ke sulalewa,
ban taɓa sanin mutum ma yana sacewa a hankali ba,
ba ƙara, ba ƙusa.

Da asuba na isa mahauta
kafin ungulu su gama miƙa.
Nomau yana wasa wuƙa da wuƙa.
"Mi kaka biɗa, mai faci? Tsoka ta fi ƙarfin aljihunka."
Na ce ƙoda.
Ya zura hannu cikin kitse
ya zaro su biyu, masu santsi,
kamar ƙwayar wake da ta ci ta ƙoshi,
launin jar ƙasa bayan ruwan dare.

Inna Gaje ce ta karɓa.
Ta tsaga kowace gida biyu,
ta ɓare farin zaren ciki,
"Nan zarnin yake kwana," in ji ta.
Ruwan gishiri, lemun tsami, ta bar su su huce.
Sannan albasa, citta, masoro,
daddawa ɗan kaɗan don kada ta yi surutu.
Wuta a hankali
har jan ya mutu, har ciki ya nuna.

A bayan katin asibiti Hajo ta rubuta abin da ke ciki.
Na karanta da kyar, a hasken waya:
furotin mai gina tsoka,
bitamin B12, abokin jini da jijiya,
wani seleniyom da harshena ya yi tuntuɓe a kansa,
sai ƙarfe.
Ƙarfe?
Ni da nake wuni cikin ƙarfe,
rim da sifana da guduma,
ashe akwai wanda ba a ƙera shi a maƙera,
wanda ake taunawa,
ya shiga jini ya mayar masa da launinsa.

Baba Jatau ya jiyo ƙamshi daga zaure.
Ya dogaro sanda, babban yatsan ƙafarsa
a kumbure kamar gauta.
Hajo ta riga ta ja kunne:
mai ciwon gaɓoɓi irin nasa ya yi nesa da kayan ciki.
Inna ta rufe kwano da faifai.
Ya tsaya, ya shaƙa sau biyu,
ya ce, "To. Ƙamshi ma rabo ne,"
ya koma yana mita.

Ba kullum ba. Alhamis zuwa Alhamis,
in faci ya yi albarka, har da Litinin.
Tabawa ta fara da tauna ɗaya,
jaririya a cinya, ido a lumshe.
Mako na uku ta lashe yatsa.

A mako na bakwai na dawo da la'asar,
tun daga lungu na ji taɓarya,
na san wannan dukan, ba na Inna ba ne.
Na miƙa hannu, duk baƙin roba,
zan ja fatar idonta kamar yadda nas ta yi.
Ta doke hannun, tana dariya,
"Je ka wanke tukuna, likitan taya."

Amma na gani.
Kafin ta kau da kai, na ga jan.

Yanzu Nomau ba ya tambaya.
Yana hango ni, sai ya ɗaga ƙunshin
da ya ajiye a ƙarƙashin tebur.